Sojojin Glenys Sun Yi Furfura

Ranar da Tamsin ta fara ganin Wilf, ruwan wanke buroshi yake sha.

A ɗakin saman wata mashaya ne a Nottingham, inda 'yan kulob ɗinmu ke jera sojojin dalma masu tsawon ɗan yatsa a kan tebur, a yi ta yaƙin duniyar taurari da 'ya'yan lido da rula. Wilf sabon zuwa ne. Kofi biyu a gabansa, ɗaya shayi, ɗaya ruwan fenti. Idonsa na kanta, ya ɗauki wanda ba shi ba, ya kurɓa, ya haɗiye don kunya.

"Da sukari ko babu?" in ji Tamsin, ko murmushi ba ta yi ba.

"Shuɗin ya fi daɗi," ya ce yana tari.

Daga ranar sunansa ya koma Sha-fenti. Shi kuma Kyaftin yake ce mata, don duk wasan da suka yi sai ta gama da sojojinsa kafin shayinta ya huce. Kafin wani lokaci waya ta ɗauki zafi.

"Kyaftin, na sayo sabbin sojoji. Akwai wata mai kama da ke, ta haɗe rai tana riƙe da bindiga."

"Ka yi wa tsoffin fenti?"

"In na tuna ki hannuna rawa yake."

"Wato a'a."

"Wato ina son ki."

"Na gani. Ni ma. Je ka yi fenti."

To nan gizo ke saƙar. Wilf gwanin saye ne, ba gwanin gamawa ba. Rundunarsa kaf launin toka take, yadda ta fito daga kwali. Mahaifin Tamsin kuwa, Mista Oldroyd, tsohon direban bas, shi ya kafa kulob ɗin, kuma a wurinsa kawo soja babu fenti daidai yake da zuwa coci ba wando.

Da Wilf ya nemi aurenta, Tamsin ta amsa a take, amma ta gindaya masa magana ɗaya.

"Ba izinin Baba nake nema ba, ni ba yarinya ba ce. Amma tun rasuwar Mama mu biyu ne. Shi zai riƙe hannuna ya kai ni gaban coci. In bai yarda ba, ba inda za ni."

Baban ya ji labari yana cin kifi da soyayyen dankali. Bai ko ɗago ba.

"Yaron nan mai sojoji tsirara?"

"Sunansa Wilf, Baba."

"Wanda bai iya gama hular soja ɗaya ba, shi zai riƙe gida? Ga Crispin nan a kulob, kabad ɗinsa cike da kofunan gasar fenti."

Crispin ya yi makarantar zane a Landan, kuma ba ya barin kowa ya manta. Gyale a wuya ko ana zafi. Ba ya cewa ja, sai dai "fushin faɗuwar rana". Ya taɓa tsayawa a kan Tamsin yana yi mata bayanin yadda haske ke tattaunawa da inuwa, har fentin da ke bakin buroshinta ya bushe. Ta tambaye shi ko hasken ya ce yaushe zai matsa mata.

A falon Mista Oldroyd akwai kabad ɗin gilashi, a ciki akwai runduna guda ta tsoffin 'yan sama jannati. Marigayiya Glenys, mahaifiyar Tamsin, ita ta yi musu fenti tun kafin a haifi Tamsin. Fentin ya yi kauri, gindinsu kore shar irin na da, shugabansu kuma idonsa ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Ba mai taɓa su sai shi.

Wilf ya lura fentin ya fara ɓarewa a gwiwoyi da bakin bindigogi. Dabara ta zo masa, irin wadda ke zo wa mai neman suna wurin suruki.

"Kyaftin, ki ba ni su na fesa musu banis, man nan da ake rufe fenti da shi. Zai kare fentin Mama har jikokinmu. Baba zai ga ni ma ina da amfani."

Ta ba shi. Ranar Baba ya tafi kallon ƙwallo. An wuni ana yayyafi, iska duk danshi. Duk wanda ya taɓa gama soja ɗaya a rayuwarsa ya san ba a fesa banis a irin wannan rana. Wilf bai taɓa gama ko ɗaya ba. Ya jera su a bayan gida, ya fesa, ya ƙara fesawa don ya kamu da kyau.

Suna bushewa suka yi fari fat, kamar an barbaɗa musu fulawa. Ba fuska, ba ido, ba kore.

Mista Oldroyd ya dawo ya tarar da su a kan teburin kicin. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ɗauki shugaban, ya juya shi, ya ajiye a hankali.

"Tamsin, raka baƙonki ƙofa."

A bakin ƙofa Wilf ya buɗe baki.

"Kada ka ce komai," ta ce. "Ni na ba ka. Laifina ya fi naka, kuma hakan ya fi ba ni haushi."

Washegari Crispin ya iso, gyale na gaba yana biye.

"Yallaɓai, kada ka damu. A jiƙa su a ruwan cire fenti, su koma dalma zalla, ni kuma in ba su sabuwar rayuwa. Gaskiya ma, aikin farkon akwai ƙarancin fahimtar launi."

"Matata ce ta yi," in ji Mista Oldroyd.

"Shi ya sa na ce ƙaranci, ban ce rashi ba."

Tamsin ta karɓe kofin shayin da ta ba shi tun bai sha ba. Amma Baban bai ce a'a ba. Cewa ya yi zai yi tunani, don kallon fararen nan yana hana shi cin abinci.

Wilf kuma ya ɓace. Ba kulob, ba waya. Tamsin ta gaji ta rubuta masa:

"Ka ɓata sojojin uwata, ka bar ni da mai gyale, ka gudu. Ko ban haƙuri ma ba ka iya gamawa ba?"

Amsa ta zo: "Ina jiran ruwan sama."

Ta jefa wayar cikin kwandon wanki.

Daga ƙarshe Baba ya sa wa Crispin rana. Ranar Asabar ɗin da zai zo ɗaukar sojojin, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wilf ne, da akwati a hannu, yatsunsa kala-kala. Ya wuce kicin ya buɗe. Rundunarsa ce gaba ɗaya, an yi mata fenti tsaf, kuma an lalata ta. Wasu fari fat, wasu fentin ya narke ya zubo, wasu sai maiƙo suke.

"Mene ne wannan?" in ji Mista Oldroyd.

"Nawa ne, yallaɓai. Na nemo irin tsohon fentin da Mama ta yi amfani da shi, na yi musu, na jira ranar ruwa na fesa musu banis da gangan. Kowa da maganin da ya faɗa min, ni kuma ba zan gwada a kan nata ba. Waɗannan man zaitun ne, ya yi kwana biyu farin ya dawo. Waɗannan na'urar busar da gashi ce, kada ka tambaya. Waɗannan na ƙarshe banis mai sheƙi ne, da buroshi, shafa ɗaya siririya."

Na ƙarshen sun fito ras, launinsu ya dawo.

Mista Oldroyd ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da taga.

"Kai ka yi wannan fentin?"

"Ni ne."

"Muni gare shi."

"Na sani, yallaɓai."

"Amma ka gama." Ya je kabad, ya dawo da shugaban, ya ajiye a gaban Wilf. "Guda ɗaya. In ka ɓata shi, ka bar garin nan."

Wilf ya ɗauki buroshi. Tamsin ta zo ta dafa masa wuyan hannu a kan tebur, yadda ake yi in za a zana ido.

"Numfasa, Sha-fenti. Ban yafe ba tukuna, riƙewa kawai nake."

Buroshi ya bi ta kan hular, farin ya narke. Jan fentin hular ya fito, sai fuska, sai idon nan mai kallon gabas da mai kallon yamma. Mista Oldroyd ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen rigarsa.

"Kullum sai na ce mata ta gyara idon nan," ya ce. "Ta ce abokan gaba biyu yake gadi." Ya juya ga 'yarsa. "Kira Crispin ki ce ya sha zamansa. Ki ɗora ruwan shayi. Kofi uku."

Biyu daga cikin sojojin ba su warke ba, har yau da furfurarsu. Baba ya ce a bar su, tsoffin soja ne, sun cancanta.

An ɗaura auren a wata ƙaramar coci da bazara. Mista Oldroyd ya sa kwat ɗin da ya matse shi, ya riƙe hannun Tamsin tun daga bakin ƙofa, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko fasinjoji tsofaffi. Da suka isa gaba, ya ɗora hannunta a kan na Wilf, bai saki nan da nan ba.

"Ga ta nan. Ita kaɗai gare ni, ba wata da za ka yi gwaji a kai."

"Na sani, Baba."

Tsohon ya ji kalmar, ya yi kamar bai ji ba. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai haƙuri."

"Amin," in ji Tamsin. "Baba, saki hannun, fasto na jira."