Gado Na Huɗu a Ɗakin Wankin Ƙoda

"Kin san shi kafin a kwantar da shi, ko ba ki san shi ba?"

Shugabar sashen koyon aikin jinya ce ta yi tambayar, ta turo waya zuwa bakin tebur. Auta ta dubi hoton da ke ciki. Ita ce, sanye da fararen kayanta na ɗaliba, durƙushe a gefen gado na huɗu a ɗakin wankin ƙoda, ta kifa goshinta a tafin hannun majinyacin.

"Na san shi, ranki ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku... Shi zan aura."

Shugabar ta cire tabarau ta murza idanunta.

"Kin san doka sarai. Da aka tura ki ɗakin nan ya kamata ki faɗa, a sauya miki. Kika yi shiru, kina soka masa allura, kina rubutu a katinsa. Saura wata biyu ki karɓi digirinki, 'yata. Me ya kai ki?"

Majinyacin, da ake kira Malam, malamin lissafi ne a makarantar sakandare, mai yawan barkwanci, wanda ya fara raka ta bakin ƙofar jami'a tun tana aji biyu. Bara ƙodarsa ta gaza. Sau uku a mako yake kwanciya awa huɗu jikin na'ura. Da ta ga sunanta a jerin masu zuwa ɗakin, sai ta ɗauka rahama ce ta sauko mata.

Hukunci ya fito a ranar: za ta maimaita shekara.

A ɗakin kwanan ɗalibai ta tarar da abokiyar zamanta tana ninke kaya. Su biyu suka daɗe suna ja-in-ja kan na ɗaya a aji, kuma na ɗaya asibitin jami'a ke fara ɗauka aiki.

"Ke kika ɗauki hoton?"

"Gaskiya na kai. Ƙarya na yi miki?"

Auta ta tsaya tana kallonta. Gadonsu ɗaya lokacin sanyi, kofinsu ɗaya. Ta ɗauki jakarta ta fita.

A gida ma ba ta sami sauƙi ba. Umma ta saurare ta har ƙarshe, hannunta bisa keken ɗinki.

"Shekara shida na yi jinyar babanku," ta ce a hankali. "Na san nauyin namiji idan ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Da ɗinkin nan na kai ki jami'a don ki tsaya da ƙafarki, ba don ki gaje ni ba."

"Umma, ina sonsa..."

"Ni ƙin babanku nake yi?"

Washegari da hantsi ta je gidan yayar Malam, inda yake zaune tun da ciwon ya kayar da shi. Ta same shi a kujera jikin taga, ƙafafunsa sun kumbura, yana duba littattafan ɗalibansa. Labari ya riga ta isa.

"Likitata," ya ce da ɗan murmushi. "An ce kin ci sifili saboda ni."

"Shekara ɗaya ce kawai, masoyi. Za ta wuce."

"A wurinki." Ya rufe littafin. "Ni lissafi ne aikina, Auta. Ke kuma kin karanta katina. Kada mu yaudari juna."

"Ka daina irin wannan maganar..."

"Ki saurare ni. Daga yau kada ki sake zuwa, kada ki kira, sai ranar da kika gama jarrabawar ƙarshe. Ranar ki zo da kanki ki faɗa mini."

"Korata kake yi?"

"Roƙonki nake. In kika sake faɗuwa a kaina, ba zan yafe wa kaina ba."

Ta yi kuka, ta yi fushi, ta kira shi mugu. Ya bar ta ta gama, sannan ya miƙa mata hankicinsa.

"Jeki, zuciyata. Ina nan."

Shekarar ta zo mata da nauyi. Ta zauna aji ɗaya da ƙannenta na makaranta, tana jin ƙus-ƙus ɗinsu idan ta shigo. 'Yan ajinta suka sa rigar kammalawa, ita tana ɗakin haihuwa tana goge gado. Duk ƙarshen mako takan kira yayarsa, amsar kullum ɗaya ce: da sauƙi, yana gaishe ki, ya ce ki yi karatu. Sau biyu ta je har bakin layinsu ta juya.

Ranar da ta fito daga jarrabawar ƙarshe, ko kayan jikinta ba ta sauya ba. Ta isa gidan da la'asar, tana haki, tana murmushi.

Yayar ce ta buɗe ƙofa. Da ta gan ta, sai ta jingina da bango.

"Yaya, ina yake? Na gama!"

"Shigo ki zauna, ƙanwata."

"Ina yake?"

Ƙofar ɗakinsa a buɗe take. An jingine katifa, an share ƙasa fes.

"Yau kwana goma sha tara da rasuwarsa," yayar ta ce, hawaye na bin fuskarta. "Ya sa na yi masa alkawari ba za ki ji ba sai kin ajiye biro. Ummanki ma ta sani, ta zo gaisuwa. Ki yafe mana."

"Amma jiya... jiya kika ce yana gaishe ni."

"Haka ya ce in riƙa faɗa."

Auta ta zame ta zauna a bakin ƙofar. Kuka bai zo ba sai da yayar ta rungume ta.

Sakamako ya fito bayan wata guda, ta ci da daraja mafi girma. Ranar yaye ɗalibai Umma ta gyara mata hula.

"Na yi masa rashin adalci, Auta. Da na je, sai na ga ashe ya fi ni tausayinki."

Aka kira ta, ta hau dandamali ta karɓi takardar, mutane suna tafi. Da ta sauko ba ta tsaya ɗaukar hoto ba. Ta kama hannun Umma.

"Mu je gida," ta ce. "Na gaji."