Riga Mai Guntun Hannu

Tun da ɓarayi suka ɓalle sassaƙaƙƙen allon ɗakin kakanni, tsohuwa Fung-kiu ta daina yarda da kowa. Ita ke riƙe da makullin ƙofar ganuwar ƙauyen, ƙofar ƙarfe ce, kuma ita kaɗai ce mashiga.

Daren nan ana yayyafi aka ƙwanƙwasa. Ta ɗaga fitila, sai ga wani dogon mutum tsaye a waje.

"Inna, buɗe mini. Ɗan gida ne."

"Ɗan gidan wa? Duk wani ɗan zuriyar Liu na san shi tun yana zanin goyo. Dillalan tsoffin kaya ne suka turo ka, ko?"

Da ya matso, rigarsa ta yi ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye. Ƙauri ya bugi hancinta, alhali ko'ina a jiƙe yake.

"Gyara na kawo," in ji shi. "Sanyi na shigata."

Ya zuro hannunsa na hagu ta tsakanin ƙarafan. Hannun rigar iyakarsa gwiwar hannu.

Fung-kiu ta ƙura masa ido. Da yammacin nan ta ƙona rigunan takarda a gindin ganuwa, sadaka ga matattun da ba su bar baya ba, don su sami abin sawa a lahira. Tana haɗa ta ƙarshe shuɗiyar takardar ta ƙare mata, ta ce wa zai duba, ta liƙa mata guntun hannu.

Ga shatin babban yatsanta nan a kafaɗar rigar. Kunun shinkafar da ta liƙa da shi ko bushewa bai yi ba.