Ƙazantar da Sabulu Ba Ya Wankewa

Auta na cikin zuba lemo a kofi Hajiya ta ɗaga hannu, ta yamutsa fuska kamar wadda ta shaƙi warin mushe.

"Bar shi, 'yar nan. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Hajiya ita ce mahaifiyar Dogo, saurayin da ya daɗe yana neman Auta. Ta juya ga Umma, mahaifiyar Auta. "Ashe gaskiya aka faɗa mini? Wai in ta tashi daga lakca ɗakin gwaji take wucewa, tana juya fitsarin mutane da majinarsu? Da wannan hannun za ta dafa wa ɗana abinci? Tir!"

"Karatunta ke nan, Hajiya," in ji Umma a sanyaye. "Koyon aiki take yi, kuma da safar hannu."

"Ko safar ƙarfe ce! In ana son auren nan, ta bari."

Auta ta shige ɗaki ta kifa kai a filo. Ita ma fa ba daɗin aikin ta fara ji ba. Makonta na farko a lab, wato ɗakin gwajin, tana buɗe wata 'yar roba ta ruga bayan gida ta yi ta kelaya amai. Amma ta daure, don ta ga 'yan gabanta sun gama da kwali mai kyau, ga su nan zaune a gida, ko jijiyar ɗibar jini ba su iya nemowa.

Da yamma Dogo ya zo yana murmushi.

"Kwantar da hankalinki, na samo mafita! Kawuna yana da asibiti. Zai rubuta miki shaida cewa a wurinsa kika yi aiki, ba sai kin ƙara taɓa ko kwalba ba. Hajiya ta huta, ke ma kin huta."

Auta ta dube shi sama da ƙasa.

"Wato in yi ƙarya? Gobe a kawo mini jinin ɗan wani, in rubuta abin da ban sani ba, likita ya ba shi magani a kai? Wallahi duk abin da nake taɓawa a lab bai taɓa tayar mini da zuciya kamar maganar nan taka ba!"

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai fa."

Ya figi makullin mota ya fita. Tun daga ranar bai ƙara nemanta ba, ko filashin babu. Gwaggonninta suka sa ta a gaba: "To, sai kwalaben fitsarin su aure ki!" Ta yi kuka har ta gode Allah, amma kullum ƙarfe biyu tana lab da farar rigarta. Abba kaɗai ke cewa, "Riƙe gaskiyarki, Auta. Naki ba ya wuce ki."

Tana gama jarrabawar ƙarshe shugabar lab ta ɗauke ta aiki na dindindin. Ba a jima ba, wata rana ta ɗago daga kan na'ura ta ga Dogo a bakin ƙofa, ya toshe hanci da hankici, idanunsa sun yi ja.

"Sori, Auta," ya ce. "Duk intabiyun neman aikin da na je tambayarsu ɗaya: me ka taɓa yi da hannunka? Sai in yi ta zare ido. Nan na gane ni ne abin ƙyama ranar nan. Na durƙusa gaban Hajiya na faɗa mata komai, har maganar Kawu."

"Me ta ce?"

"Ta zage ni tas. Ta ce ita ƙyama gare ta, amma ba ta haifi maƙaryaci ba. Ta ce mu je mu ƙarata, sai dai a sa katan ɗin sabulu a lefe!"

Auta ta yi dariya hawaye na zuba.

Aka ɗaura aure bayan wata biyu. Ku kuwa 'yan makaranta, kada ku raina aikin da zai koya wa hannunku sana'a. Dattin aiki ruwa da sabulu ke fitar da shi. Na ƙarya kuwa, sai tuba.