Kiran Inna Lantana

Kira ya shigo cibiyar agajin gaggawa ta birnin Tudun Haske, na'urar da ake kira Rariya ta amsa kafin ƙararrawa ta gama bugawa. Wani mai shago ne, yana cewa ga mutum biyu nan zaune a ƙofarsa, yanayinsu bai kwanta masa ba. Rariya ta tambaye shi abin da suka yi. Ya ce ba su yi komai ba tukuna, amma 'yan hamada ne. A kan allon bango ɗigon kiran ya juye daga ja zuwa ruwan toka. Ma'aikaciyar da ke bakin aiki ta karɓa, ta lallashe shi, ba a tura ɗan sanda ko ɗaya ba.

Aikin Rariya ke nan. Tana sauraron kalmomin mai kira da rawar muryarsa, ta duba tarihinsa, sannan ta auna ko tsoro ne na gaskiya, ko wasa, ko ƙiyayya. Injiniya Saude Tukur ce ta ƙera ta, kuma tana da dalili. Danginta na cikin waɗanda rairayi ya binne garuruwansu suka taho birni, ake ce musu 'yan hamada. Yayanta Jafaru, mai gyaran famfo, yana zaune a wani dogon bene, ƙofarsa na kallon ta wata tsohuwa, Inna Lantana. In ya dawo da jakar kayan aiki, ta kira 'yan sanda. In ya yi baƙi, ta kira. An sha kwantar da shi a ƙasa gaban 'ya'yansa ana lalube shi, daga baya a ce ya yi haƙuri.

Doka ta yi wa na'urar iyaka. Kotun birni ta ce ba a hukunta mai kira sai an tabbatar da gangan ya yi ƙarya, domin mai son zuciya ma yakan yarda da abin da yake faɗa. Ba kuma a toshe layin kowa. Rariya shawara kawai za ta bayar, mutum ne zai yanke hukunci. Saude ta so dokar ta fi haka kaifi, amma ta amince. Shugaban cibiyar, Malam Haladu, shi ya koyar da ita a jami'a, shi ya kawo ta aikin, kuma shi ya yi mata alkawari.

"Muddin ina kan kujerar nan, Saude, kowane kira sai kunnen mutum ya ji shi."

Wata Laraba da hantsi zuciyar Jafaru ta buga, ya yanke jiki ya faɗi a bakin matakala. Matarsa na kasuwa, yara na makaranta. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ana zaman makoki sai ga Inna Lantana ta shigo da sandarta. Mata suka kau da kai. Ta lallaɓa ta zauna kusa da Saude, ta yi ƙasa da murya.

"'Yar nan, na kira. Ni na ji faɗuwarsa, kuma wallahi na kira. Na'urarku ta yi ta cewa in kwantar da hankalina."

Saude ba ta yarda ba. Sai da ta koma aiki ta nemo sautin kiran ta saurara.

"Ɗan hamadan nan ne, maƙwabcina, ga shi nan a ƙofata, ku zo."

"Mun ji ki, Inna," in ji Rariya cikin taushin murya. "Shin ya taɓa ki?"

"Faɗuwa ya yi nake ce miki. Ba ya motsi."

"Mun ji ki. Kwantar da hankalinki ki faɗa mini abin da ya tsorata ki."

Haka aka yi ta yi, tsohuwa na kuka, na'ura na lallashi, har ta yar da wayar ta fita bubbuga ƙofofin mutane. Babu ma'aikacin da ya ji kiran. An karkatar da shi ta wata hanya da Saude ba ita ta gina ba, mai suna Zaure, inda na'urar ke jan mai kira da hira har ya gaji ya ajiye. Izinin Malam Haladu ne ya buɗe ta.

Ta same shi a ofis. Bai musa ba.

"Ma'aikata sun yi mana kaɗan, majalisar birni kuma ta matsa. Lauyoyi sun duba. Doka ta ce kada a toshe layi, ba mu toshe ba. Ta ce a amsa, an amsa."

"Ta ce mutum ne zai yanke hukunci, Malam."

"Ni ne mutumin. Ba ta ce sau nawa zan yanke ba. Na yanke sau ɗaya, na kowa da kowa."

"Ka zo gaisuwa," in ji Saude. "Ka zauna kan tabarmarmu ka yi masa addu'a, alhali ka sani."

Malam Haladu ya ce, "Ke ma fa kin fi kowa son a yi maganin irin matar nan."

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki. Ta fita ba ta rufe ƙofa ba.

Ta kai ƙara. Kotu ta saurara, ta ce ba ta ga layin dokar da aka taka ba. Cibiyar ta fitar da sanarwa cewa kuskuren ƙira ne daga injiniyar farko, Malam Haladu ne kuma ya karanta ta a gaban 'yan jarida. Saude ta ajiye aiki. Amma shari'ar ta sanar da mutanen birni abu guda: na'urar ba ta mantuwa, wanda ya kira yau a kan abin da ba a gamsu da shi ba, gobe Zaure za a kai shi. Kira ya ragu ƙwarai. Majalisa ta karrama Malam Haladu, wasu birane suka aiko neman irin na'urar.

Wata rana Saude ta je duba matar yayanta. A matakala ta ci karo da maza uku suna sauko da wata mai naƙuda a kan ƙyauren da suka cire, jini na ɗiga. Inna Lantana na biye da su da zani a hannu.

"Kun kira agaji?" in ji Saude.

"Wa zai kira, 'yar nan? Kowa na ajiye nasa kiran sai ranar da ta fi wannan."

Kusurwa ɗaya ta ƙyauren ba mai riƙewa. Saude ta ajiye jakarta ta kama. Da suka fito titi suna neman abin hawa, ta hango rufin cibiyar daga nesa. Jiragen agaji marasa matuƙi na jere a kai, sababbi, suna ƙyalli a rana, babu wanda ya tashi.