Madawakin da Ya Hau Doki ta Dama

A zamanin sarkin da ya ƙara wa ganuwar birni tsawo, bayan girbi, aka fita yaƙi da wani gari da ya yi tawaye. A nan dokin Madawaki, shugaban mahaya, ya rufta ramin ganuwa ya danne shi, kwatangwalonsa na hagu ya goce. Gwaggonsa, tsohuwar maɗoriya, ta sa ƙarti suka danne shi ta mayar da ƙashin gurbinsa.

Al'adar fadar kuwa, duk shekara kafin fita yaƙi, Madawaki zai hau doki gaban sarki ba mai tallafa masa. In ya kasa, rawani ya bar gidansu. Galadima, mai kwaɗayin rawanin don ɗansa, kullum sai ya zo dubiya, idonsa a kan ƙafar.

Madawaki ya yi jinya har damina ta kama. Ya fara da jan gindi, ya koma dafa bango, sannan sanda. Ya sha kuka a ɓoye. Da ya taka sosai ya sa aka ɗaura sirdi, amma ƙafar hagu ta ƙi kai wa likkafa, ya zube ƙasa.

"Gwaggo, ƙafar nan ta yaudare ni."

"Ita ta yi iyakar ƙoƙarinta, ɗana. Dokin naka gefe ɗaya gare shi?"

Jarumi ta hagu yake hawa, don can takobi ke rataye. Madawaki ya mayar da takobinsa dama, ya koma koyon sara da hagu kamar sabon shiga. Dokin ma sai da ya yi ta harbi kafin ya yarda.

Ranar hawa ya ɗingiso gaban sarki, ya zagaya ta dama. Ya sa ƙafa, ya cije, ya haye.

Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka kakanni suka hau ba."

Sarki ya ce, "Wa ya tallafa masa, Galadima?"

Galadima ya sunkuyar da kai.

An ce Madawaki ya yi ɗingishi har ya koma ga Allah, da rawaninsa a ka. Ƙaddara ta karɓe masa ƙafa, amma sarautar sai in shi da kansa ya saki, shi kuwa bai saki ba. Jikokinsa har suka tsufa ta dama suke hawa, lafiyarsu ƙalau.