Haruffa Ashirin a Layin Torleif

A garinmu na gaɓar tekun Norway, ƙarfe uku na rana duhu ke fara sauka a watan Disamba. Ranar wata Alhamis, daidai wannan lokaci, na ɗauki kofina na gangara ɗakin ƙasa inda tsohuwar babbar kwamfutar ofishinmu take. A cikinta muke ajiye sunan duk masuncin da ke fita teku daga yankinmu, kowa da layinsa, kowa da lambar da ake nemo shi da ita.

Manhajar da ke karanta fayil ɗin ce ta ƙi buɗe shi. Duk sanda na gwada sai ta nuna lamba talatin da tara, wato siffar fayil da aka faɗa mata ba ita ta tarar ba. Na bincika. A wurinta kowane layi haruffa ɗari biyu ne. Fayil kuwa ya ce ɗari biyu da ashirin. Babu wanda ya taɓa shi.

Na kira Eilif, dattijon da ya rubuta manhajar tun ina makaranta.

"Ragnfrid! Har yanzu ba ku binne tsohuwar nan ba?" ya ce yana dariya. "Ita za ta binne mu duka."

"Kai dai ka bar mana wahala ka je kana kamun kifi. Layi ne ya ƙaru da haruffa ashirin."

Dariyar ta ɗauke.

"Ki maido fayil na jiya ki tafi gida, 'yar nan. Sau ɗaya na taɓa ganin haka, kuma ba ni na ƙara su ba." Ya yi ƙasa da murya. "Kada ki nemi lambar Torleif."

Torleif mijina ne. Shekara tara ke nan jirginsu ya fita kamun kifi, ko katako ɗaya teku bai dawo mana da shi ba.

Ban ji maganar Eilif ba. Na gyara tsawon layin, na daidaita wurin lambar, na sake gwadawa. Fayil ya buɗe.

Layin masu rai, ƙarshensa wayam. Na matattu ma haka. Sai na iso kan waɗanda aka rubuta sun ɓace a teku. Wani an sa: KU GAYA WA INNATA. Wani: AKWAI DUHU.

Yatsuna da kansu suka buga lambar Torleif.

RAGNA, NA GAJI.

Shi kaɗai ke kirana Ragna.

Na ji ƙarnin teku, da warin baƙin mai, da na jiƙaƙƙiyar rigar ulu. Ƙarar fankokin kwamfutar ta sauya, tana zuwa tana komawa kamar igiyar ruwa.

Ɗis. Ɗis.

Sanyi ya ratsa takalmina. Na duba ƙasa. Ruwa ne, har idon sawu, yana malala wajen wayoyin lantarki.

Takun manyan takalman roba ya taho ta bayana, a hankali, ƙafar hagu na ɗan ja. Na san wannan takun.

Hannu ya sauka a kafaɗata.

"Ragna," ya ce cikin raɗa. "Sake ni."

"Ban riƙe ka ba," na ce.

"Kin riƙe."

Gaskiyarsa. Sau biyu kotu ta aiko da takarda cewa ya mutu, sau biyu aka gyara layinsa, ni kuma na lallaɓo na mayar da shi cikin ɓatattu. Ba wanda ya sani.

"In na sake ka, wa ya rage mini?"

Babban yatsansa ya shafa wuyana, yadda yake yi in ina wanke kwanuka.

Ruwa ya kai gwiwa. Fitilu suka fara ƙyaftawa.

Na so in waiwaya. Sau ɗaya tak. Hannun ya matsa, ya hana ni.

"Kada ki duba," ya ce. "Teku ya ɓata ni."

Ina kuka na goge kalmar da ta ce ya ɓace. Na rubuta: YA MUTU. Na danna.

Hannun ya ɗaga.

Na faɗa cikin ruwan na yi matakala da rarrafe. Ƙafata na barin ruwa wani abu ya fashe a bayana, wuta ta yi tartsatsi, ginin duka ya yi duhu.

Washegari masu gyara suka tarar da ɗakin a bushe, sai farin gishiri da ya kwanta a bango, daidai gwiwa. Na ajiye aiki kafin Kirsimeti, amma sai da na bi gida shida na sauran ɓatattun, na roƙi iyalansu su kai takardunsu kotu. Biyar suka yarda. Wata tsohuwa ta rufe mini ƙofa, ban kuma ga laifinta ba.

Da ƙanƙara ta narke, muka kafa wa Torleif dutse a maƙabartar coci, ba kowa a ƙarƙashinsa. Mai sassaƙa ya tambaye ni wace ranar mutuwa zai sa. Na buɗe baki in faɗi ranar da jirgin ya nutse, sai na ji kaina ina ba shi ranar Alhamis ɗin nan.