Agogon Ƙirjin Malam Maina

Ranar da aka kori Rahina daga gidan Malam Maina a Bande, Gwaggo Furera, ƙanwar maigidan, ita ta jefo mata ƙullin kayanta ƙofar gida, matan unguwa suna leƙe ta kan danga. Rahina ta durƙusa cikin rairayi tana kuka, tana roƙon abu ɗaya tak: a kore ta, ta yafe, amma don Allah kada a hana Baba ƙwayarsa ta yamma. Gwaggo ta ce ta tashi ta ba mutane wuri, mayya.

Rahina marainiya ce, ba uwa ba uba. Mijinta Ubaidullahi, ɗan Malam Maina tilo, ya rasu, ta gama takaba ta ƙi tafiya, domin tsohon numfashi ke gagararsa kuma ba mai dubansa. Ita ta bi shi Yamai, ta yi jinya a barandar asibiti har aka buɗe ƙirjinsa aka sa masa wani marfin ƙarfe a zuciya, mai ƙara cak-cak kamar agogo. Dangi kuwa a lokacin kowa na da noman da ba ya jira. Da tsohon ya dawo da ransa, sai duk suka tuna jininsu ɗaya.

Likita ya ja wa Rahina kunne kafin sallama: ƙwayar tsinka jini kullum ba fashi, awon jini a kan kari, tafiya safe da yamma kada jini ya daskare. In kuwa ta ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ta bar komai ta rugo da shi.

To, a nan laifinta ya soma. Suruka, wadda ko ɗaga ido ba ta isa ta yi gaban uban mijinta ba, ga ta riƙe da damtsensa tana zagaya tsakar gida da shi! Aka ce ba ta da kunya. Aka ce tana wahalar da dattijon da ya kamata ya kwanta a zo a gaishe shi. Ƙwayar kuma takan sa ɗan bugu ya bar baƙin tabo, sai Gwaggo ta riƙa yaye masa hannun riga tana nuna wa masu gaisuwa inda wai yarinyar ke mintsininsa. Ta ce an sa wa yayanta agogo mai ƙirga kwanansa, ana kuma ba shi maganin da ke shan jininsa. Malam Maina ya musa, aka ce ai an shanye shi ne.

Bayan korar, Gwaggo ta juye ƙwayoyin a murhu, ta yi wa yayanta shimfiɗa mai laushi, ta hana ƙafarsa taka ƙasa. Kowa ya yaba. Kashe mutum da gata ai ba a kai shi gaban alƙali.

Wata tsohuwa maƙwabciya, Ɗela, ta ba Rahina ɗaki. Kullum sai ta je ƙofar gidan ta yi roƙo, kullum a koro ta, ta dawo ta zauna jikin dangar da ta raba gidajen biyu, hawaye na zuba. “Ya Allah, Kai ne shaidata... kada ka bar tsohon nan ya biya kuɗin ƙiyayyar da ake yi mini.”

Wata safiya da hantsi ta ji Malam Maina yana neman buta, maganar tana fita kamar da tuwo a bakinsa, sai kuma ta ji butar ta faɗi. Ta ji Gwaggo na cewa iska ce ta shafe shi, a kawo garwashi a yi turare. Rahina ba ta bi ta ƙofa ba. Dangar ta keta da ƙirjinta. Ta tarar bakinsa ya ja gefe, hannun hagu ya zube. Gwaggo ta ɗauko muciya, Rahina ta ba ta baya.

“Ki doke ni, Gwaggo, amma ki yi sauri, tafiya za mu yi.”

Ɗela ta kirawo majo, ma'aikacin jinyar asibitin gari, aka sami mota zuwa Magarya, daga nan aka wuce da su Damagaram. Can likita ya tambayi wa ya tsayar da ƙwayar. Gwaggo, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba tun yaye, ta kama gyaran ɗankwali. Likita ya ce tabon nan da ake tsegumi a kai alama ce a auna jini a daidaita magani, ba a daina ba. Gudan jini ne ya tafi ƙwaƙwalwa, da an tsaya turare da sai dai gawa.

Allah ya taƙaita. Maganar ta dawo, hannun ya ɗan rage ƙarfi. Ranar da suka koma Bande, gida cike da masu barka, Malam Maina ya sa aka kira Gwaggo gaban jama'a.

“Furera, ni da ke nono ɗaya muka sha, kika shimfiɗa mini likkafani kina kiransa katifa. Wannan da kika kira mayya, ita ce 'yata. Amalanke na waje yana jiranki.”

Ba wanda ya raka Gwaggo har ta hau hanyar Dungas, garin aurenta, ko matan da suka yi leƙe ranar korar Rahina.

Da la'asar Malam Maina ya haɗiye ƙwayarsa, ya miƙa wa Rahina hannu. Ta nufi zagayen tsakar gida, ya ce a'a, yau waje za su. Suka bi ta gaban masallaci a hankali, tana riƙe da damtsensa, tana kuka marar sauti. Dattawan da ke zaune suka janye ƙafafunsu, liman da kansa ya miƙe ya ce Allah ya ba kowa suruka irin wannan.

 Malam Maina ya ci gaba da takawa, agogon na bugawa cak-cak a ƙirjinsa, yadda duk mai kunne zai ji.